Daga Sawakin Zuwa Jidda: Alhazai, 'Yan Wuta Da Masu Binciken Bahar Maliya

Duk wanda ya zauna a Jidda ya san unguwar Karantina, can kudancin gari, ba nisa da tashar jiragen ruwa. 'Yan uwanmu da dama a nan suka fara ajiye kaya, wasu ma a nan aka yanke musu cibi. Amma ka tambayi yaron unguwar ma'anar sunan, da wuya ya faɗa maka. Kalmar daga bakin mutanen Italiya ta fito, tushenta arba'in ne, wato kwana arba'in ɗin da hukumar birnin Venis kan tsare jirgin da ake zargin ya ɗauko annoba kafin a bar mutanensa su taka ƙasa. Larabawa suka ara, mu ma muka ara daga wurinsu.

Sunan wannan unguwa shi ya rage mana daga wani dogon tarihi da ya shafi kakanninmu kai tsaye. Tsakanin Sawakin da Jidda bai fi kilomita 300 da 'yan kai ba, amma tafiyar alhazai a wannan teku ta sa ƙasashen duniya sun shekara kusan ɗari suna zaman taro. A cikin jiragen da suka yi ta ratsa wannan teku akwai mutane iri uku: alhajin da ke kwance a kan bene da ƙullin kayansa, ɗan wutar da ke can ƙasa yana zuba kwal, da malamin da ke zura waya cikin ruwa yana neman sanin abin da ke ƙarƙashi. Labarin su ukun nan ne za mu bi, domin a ƙarshe hanyarsu ta haɗu.

Shekarar da aka fara tsoron alhaji

Kafin zuwan jirgin tururi, tafiya hajji ta shekaru ce ko ta watanni. Wanda ya kamu da amai da gudawa a hanya, ko ya warke ko ya cika tun kafin ayari ya isa gari na gaba. Nisan hanya da kansa shinge ne. Jirgin tururi ya rushe wannan shinge: tafiyar da iska ke ja wata da watanni ta koma ta 'yan kwanaki, mai ɗauke da cuta ya riƙa isa tasha da ransa.

A hajjin 1865 kwalara ta ɓarke a Makka. An ƙiyasta cewa cikin alhazai kimanin 90,000, wajen 15,000 sun rasu. Waɗanda suka tsira suka ruga Jidda suka cika jirage. Wasu kyaftin-kyaftin da suka isa Suwez sun shaida wa hukuma cewa kowa lafiya lau, alhali sun yi ta zuba gawarwaki a teku a hanya. Daga Suwez jirgin ƙasa ya kwashi mutane zuwa Iskandariyya. Cikin wata uku Masar ta rasa mutum kusan 60,000. Daga nan cutar ta haye Marsel ta ƙasar Faransa da sauran tashoshin Turai, kafin shekara ta fita ta isa bakin ruwan New York.

Turai ta firgita. A 1866 aka kira taron lafiya na ƙasa da ƙasa a Istanbul, aka shafe wata bakwai ana muhawara. Abin da aka tsayar shi ne cewa mahaifar kwalara tana ƙasar Indiya, hajji kuma shi ne gadar da take bi ta nufi Turai. Da aka buɗe mashigin Suwez a 1869, tsoron ya ninka. Sai dai kowa da abin da ya dame shi. Ingila, wadda mafi yawan jiragen da ke bin mashigin nata ne, ba ta son a tsare mata jiragen kaya ko da yini ɗaya, don haka ta daɗe tana musun cewa mutum ne ke ɗaukar cutar daga wuri zuwa wuri. Da aka rasa yadda za a yi da jirgin attajiri, sai nauyin doka ya sauka a kan jirgin talaka.

Aka kafa ƙofofi biyu. A kudu, Daular Usmaniyya ta buɗe sansanin killacewa a tsibirin Kamaran, daura da gaɓar Yaman, a 1882, don masu zuwa daga Indiya da Jawa. A arewa, hukumar lafiya ta Masar ta riƙe garin Ɗur da ke yankin Sina'i, wanda Turawa ke rubutawa El Tor, don masu komawa gida ta Suwez. A waɗannan wurare akan sauke alhazai, a yi musu wanka, a turara kayansu da tururi mai zafi, a tsare su kwana biyar, goma, wani lokaci fiye da haka, kuma su za su biya kuɗin tsarewar. Ƙorafinsu bai wuce uku ba: tsadar kuɗi, ƙarancin ruwan sha, da cunkoson da kan sa mai lafiya ya kwashi cutar a wurin da aka ce an kawo shi don kare shi. Duk da waɗannan ƙofofi, a 1893 kwalara ta kashe fiye da mutum 30,000 a hajji. A 1895 fushin jama'a ya kai ga an farfasa na'urorin turara kaya a Hijaz, aka kuma kashe Dokta Abdur Razzak, likita Musulmi ɗan Indiya da ke mataimakin jakadan Ingila a Jidda.

Mu ta ina muka bi?

Mutanenmu ba ta Kamaran suka bi ba, ba kuma ta Ɗur ba. Tamu hanyar ta ƙasa ce: Borno, Wadai, Darfur, Kurdufan, har bakin Nilu, ana tafe ana noma, ana ɗinki, ana ƙwadago, ana tara guzuri. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a suka yi gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Wannan gari ya zama zango ga duk mai niyyar gabas. A 1906 layin dogo ya haɗa Nilu da Bahar Maliya, a 1925 aka gama madatsar Sinnar, gonakin audugar Jazira suka buɗe wa mutanenmu aikin da suke tara kuɗin jirgi da shi.

Turawan mulkin Sudan sun gina sabuwar tasha a Fot Sudan, aka buɗe ta a 1909, amma suka bar wa Sawakin aikin alhazai. Nan ne ake duba takarda, a yi lamba, a biya kuɗin jirgi da na karantina, in an dawo kuma a sake tsare mutum a duba shi. Mai hali bai ga wahalar wannan ba. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, a 1921, ta Legas ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila, daga can ya nufi Jidda. Talaka kuwa, wanda ya shekara biyar ko bakwai a hanya, sau da yawa yakan iso bakin teku kuɗinsa bai kai ba. Sai ya sulale kudu, wajen gaɓar Iritiriya, ya jira dare ya shiga jirgin katako mai tafiya da iska, wanda Larabawa ke kira sambuk, a tsallaka da shi wajen Lis ko Ƙunfuda, ya ƙarasa a ƙafa. A sambuk babu likita, babu mai ƙidayar fasinja, ruwan sha iyakar abin da ke cikin salka ne. In iska ta ɗauke, tafiyar kwana uku sai ta koma ta goma. Hukumomin Ingila da kansu sun rubuta rahotanni a kan mutanen da aka yasar a tsibiran da ba ruwa, da waɗanda aka sayar bayi bayan sun tsallaka.

Abin lura a nan shi ne, tsadar dokar da aka yi don kare lafiya ita ta kora mafi rauni zuwa hanyar da ba kariya ko kaɗan. Wanda ya san yadda 'yan uwanmu ke bin sahara da teku a yau ba ya buƙatar a yi masa bayani.

Ga jiragen da ke bin ƙa'ida kuwa, sannu a hankali an samu gyara. Taron Faris na 1894 ya fara shimfiɗa sharuɗɗan jirgin alhazai. Yarjejeniyar 1926 ta fayyace su: kowane alhaji a ba shi fili murabba'in mita ɗaya da rabi, da lita biyar ta ruwan sha kyauta kowace rana, yaro ne ko babba, kowane jirgi ya ɗauki likita, in fasinja sun haura 1,000 a ƙara na biyu. Mita ɗaya da rabi ko tabarmar kirki ba ta kai ba. In wannan ne gyaran, sai mai karatu ya auna yadda abin yake kafin a gyara.

Ga misali ɗaya. A watan Yulin 1880 wani jirgi mai suna Jeddah ya tashi daga Singafo da Finang da alhazai fiye da 950. Ya haɗu da igiyar ruwa mai ƙarfi, tukwanen tururinsa suka goce daga mazauninsu, ruwa ya fara shiga. Kusa da ƙahon Somaliya, kyaftin Joseph Clark ya ɗauki matarsa da wasu manyan ma'aikata suka sauka a ƙaramin kwale-kwale suka bar mutane. Wani jirgi ya tsince su ya kai su Adan, kyaftin ya ba da labari cewa jirginsa ya nitse da kowa da kowa. Washegari sai ga Jeddah ana janye da shi, wani jirgi mai suna Antenor ya ɗauro shi. Alhazan da 'yan ma'aikatan da aka bari su suka yi ta kwarfe ruwa dare da rana har taimako ya zo. Hukuncin kyaftin shi ne dakatar da takardarsa shekara uku. A kan wannan lamari marubuci Joseph Conrad ya gina littafinsa Lord Jim.

Waɗanda ke ƙarƙashin bene

Alhaji kwanakinsa a jirgi ƙidayayyu ne. Akwai wanda jirgin ne gidansa. Jirgin tururi ba ya motsi sai an dafa ruwa, ruwa ba ya tafasa sai da kwal, kwal kuwa hannu ke zuba shi. Can ƙasan jirgi, inda ba taga, akwai rukuni biyu: masu turo kwal a baro daga rumbu, da 'yan wuta masu watsa shi da shebur cikin murhu, su kwashe toka, su fasa dunƙulen da ya daskare da dogon ƙarfe. Awa huɗu a bakin wuta, awa takwas hutu, a sake komawa, babu Juma'a babu Lahadi. A Bahar Maliya lokacin bazara zafin ɗakin wuta yakan haura digiri 50. Gumi ya kwashe gishirin jiki, jijiyoyi su ɗaure, mutum ya faɗi yana murƙususu. Wasu kansu kan juye don zafi, su hau sama su faɗa teku. Yawan haka har ya sa hukumar ciniki ta Ingila ta yi bincike a kai. Wanda ya tsira daga wannan, ƙurar kwal da cunkoson ɗakin kwana na jiransa da tarin fuka.

Kamfanonin Turawa suka ce ai baƙin mutum da Balarabe da Ba'indiye sun fi jure zafi. Gaskiyar magana ita ce sun fi araha. Tun da Ingila ta kama Adan a 1839 ta mai da ita tashar shan kwal, a nan ake ɗibar Yamanawa da Somaliyawa, ta hannun dillalan da ke yankar rabonsu daga albashin mutum tun bai karɓa ba. Ma'aikacin da aka ɗauka a Indiya ana biyansa kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na abin da Bature ke samu a aiki iri ɗaya. Har wurin kwana doka ta bambanta: na Ba'indiye rabin na Bature ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

'Yan uwanmu mazauna Ingila su duba da kyau. Tsofaffin al'ummun Musulmi na Kadif da South Shields 'ya'ya da jikokin waɗannan 'yan wuta ne. Haka tsohuwar al'ummar baƙar fata ta Libaful ta samo jini daga ma'aikatan jiragen Afirka ta Yamma, musamman Kuru na Laberiya da Saliyo da mutanen kudancin Najeriya da suka yi aiki a jiragen Elder Dempster. Sun hura wutar jiragen Ingila a yaƙin duniya na farko, da yawa suka nitse da su, amma a 1919, da aiki ya yi wuya, aka far musu a waɗannan garuruwa aka ce su koma inda suka fito. Masallatai da gidajen saukar baƙi da suka kafa a wancan lokaci su ne harsashin abin da muka zo muka tarar.

Likitoci sun kama ɓarawo

Ana cikin wannan tsare mutane, ba a ma san ainihin abin da ake tsarewa ba. A 1854 likita John Snow ya nuna cewa famfo ɗaya ne ya shayar da wata unguwa ta Landan kwalara, amma ba a ɗauki maganarsa da muhimmanci ba. A 1883 Bajamushe Robert Koch ya zo Iskandariyya ana tsakar annoba, ya bi sawunta har Kalkata, a 1884 ya ba da sanarwar ƙwayar cutar, ya kuma same ta a wani tafki da mutane ke wanka da wanki da sha a cikinsa. Magana ta fito fili: kashin mai cuta ke shiga ruwa, ruwa ya shiga cikin mai lafiya.

A 1905, a sansanin Ɗur, wani likita mai suna Felix Gotschlich ya binciki gawar alhazai shida da suka rasu a hanyar komawa gida. Ba kwalara ta kashe su ba, amma ya sami ƙwayar da ta yi kama da tata a hanjinsu. Aka raɗa mata sunan wurin, El Tor, aka ɗauke ta ba mai haɗari ba. A 1961 ita ce ta tashi daga tsibirin Sulawesi na Indunusiya ta bazu a duniya. A 1970 ta sauka Gini, ta bi gaɓar teku da kogin Kwara, ƙarshen wannan shekara ta shiga Najeriya, a 1971 ta yi ɓarna a yankin tafkin Chadi. Dattawanmu suna tune da ita, kuma har yau ba ta tafi ba. Abin da ya sa ta gagari shinge shi ne, mafi yawan masu ɗauke da ita ba sa kwanciya. Mutum zai wuce gaban likitan tasha garau, alhali yana ɗauke da ita. A 1973 Hukumar Lafiya ta Duniya ta daina sharɗanta takardar allurar kwalara ga matafiya, don ta ga ba ta hana komai.

Masu zura waya

Rukuni na uku ba cuta suka fito nema ba. Tun tafiyar jirgin Ingila Challenger, daga 1872 zuwa 1876, masana suka shiga auna zurfin teku da ɗebo abin da ke ƙasanta. Aiki ne mai cin rai: jirgi ya tsaya cak a tsakiyar ruwa, a saki igiya mai tsawon kilomitoci, a yini ana naɗowa, a ƙarshe a sami bokitin laka. Malamai na murna, ma'aikata na tsaki. Cikin mutum kusan 240 da suka tashi da Challenger, wajen 60 sun gudu a tashoshin da aka yada zango.

Bahar Maliya ta ja hankalinsu domin teku ce dabam. Babu kogin da ke zuba mata ruwa duk shekara, rana kuma na shanye ta, shi ya sa gishirinta ya kai giram 40 a lita, alhali na manyan tekuna wajen 35 ne. Jirgin Ostiriya mai suna Pola ya auna ta tsakanin 1895 da 1898. Amma tafiyar da ta fi dacewa mu sani ita ce ta Mabahis, ɗan ƙaramin jirgin gwamnatin Masar mai tsawon mita 42, wanda ma'anar sunansa ita ce bincike-bincike. Ya tashi daga Iskandariyya a watan Satumban 1933 ya dawo a Mayun 1934, da kuɗin da John Murray, ɗaya daga cikin malaman Challenger, ya bari wasiyya. Mutum kusan arba'in ne a ciki, shugaban masana Bature ne, Seymour Sewell, amma mafi yawan ma'aikata Misirawa ne, watan azumi ma a teku ya riske su. Akwai masana Misirawa biyu: Abdul Fattah Muhammad mai awon sinadaran ruwa, da Husaini Fauzi, masanin halittun teku, wanda kuma shi ne likitan jirgin. Da safe yana tsince halittu a cikin laka, da yamma yana duba marasa lafiya. Daga baya ya rubuta labarin tafiyar a littafinsa Sindibad Asri.

Sun tsaya awo a wurare fiye da 200 a Bahar Maliya da tekun Larabawa da tekun Indiya. Da na'urar da ke auna zurfi ta hanyar amsa-kuwwa suka zana jerin duwatsun da ke ƙarƙashin ruwa, ɗaya har yau sunan Murray yake amsawa. Daura da gaɓar Oman suka tarar da wani sashe na ruwa da kusan babu iskar shaƙa a cikinsa, lakar wurin na warin ruɓaɓɓen ƙwai, ba abin da ke rayuwa a kai. Masana kamun kifi har yanzu suna bibiyar wannan sashe, domin faɗaɗarsa na rage wa masunta abinci.

Abin mamaki mafi girma yana daidai ƙarƙashin hanyar alhazanmu. A 1964 jirgin Ingila Discovery ya ɗebo ruwa daga zurfin mita 2,000 da ɗoriya a tsakiyar Bahar Maliya. Ruwan ƙasan teku sanyi aka san shi da shi, wannan kuwa digiri 44 ya nuna. A 1965 jirgin Amurka Atlantis II ya sami wani rami kusa da nan mai digiri 56, gishirinsa ya ninka na teku wajen sau bakwai. Dalili shi ne ƙasar Larabawa da Afirka suna rabuwa a hankali, ruwa na shiga tsagar ya haɗu da dutse mai zafi da tsohon gishiri, ya fito ɗauke da ma'adinai. Lakar ramin cike take da tutiya da jan ƙarfe da azurfa da zinariya. A 1974 Sudan da Saudiyya suka sa hannu cewa arzikin na su biyu ne. Kakanninmu da suka rasa kuɗin jirgi sun wuce ta kan wannan dukiya a sambuk, ba su sani ba.

Inda hanyoyin suka haɗu

Tambayar da ta daɗe tana damun likitoci ita ce: in annoba ta lafa, ina ƙwayar kwalara ke ɓuya? Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. Amsar daga masu binciken ruwa ta fito. Daga shekarun 1970, Ba'amurkiya Rita Colwell da abokan aikinta suka nuna cewa ƙwayar 'yar ruwa ce tun asali. Tana zaune a inda kogi ke haɗuwa da teku, tana manne a jikin wasu ƙananan ƙwarin ruwa masu kamar ƙuma, waɗanda ido da ƙyar yake gani. In ruwa ya yi ɗumi ƙwarin suka yawaita, ita ma sai ta yawaita. Ashe ko an tsare kowane alhaji a duniya, cutar na da gidan da ba a tsarewa. Jirgi ma kan ɗauke ta ba tare da mara lafiya ko ɗaya ba, a cikin ruwan da yake sha a wata tasha don daidaita nauyinsa ya zubar a wata. Bayan ɓarkewar kwalara a Peru a 1991 an sami ƙwayar a irin wannan ruwa a jiragen da suka shiga tashoshin kudancin Amurka. Yarjejeniyar tsabtace shi an amince da ita a 2004, ta fara aiki a 2017.

Wannan sani ya haifi magani mai araha. A Bangaladash aka koya wa matan ƙauyuka 65 su ninka tsohon zane sau huɗu su tace ruwan sha da shi. Zanen ba ya tare ƙwayar ita kaɗai, amma yana tare ƙwarin da take manne da su. Sakamakon da aka buga a 2003 ya nuna kwalara ta ragu da kusan rabi. Mu wannan ba baƙon abu ba ne: dangin waɗannan ƙwari ne ke ɗauke da tsutsar kurkunu a tafkunanmu, kuma da matacin ƙyalle da rijiyar burtsatse aka ci ƙarfinta. Najeriya da ta ƙirga masu kurkunu fiye da 650,000 a ƙarshen shekarun 1980, a 2013 aka tabbatar ta rabu da shi, ita da Nijar. Ga wanda ya riga ya kamu da kwalara kuwa, likita Dilip Mahalanabis ya nuna a sansanin 'yan gudun hijira a Indiya a 1971 cewa ruwan gishiri da sukari na saukar da mace-mace daga kusan 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 4.

Abin da ya rage mana

Kamaran ta rufe a shekarun 1950. Saudiyya ta buɗe nata sansanin a Jidda, jirgin sama kuma ya karɓe alhazan Najeriya daga hannun teku. Amma ba abin da ya wuce gaba ɗaya. Takardar allurar sanƙarau da ake nema a wurin maniyyaci, wadda aka wajabta bayan ɓarkewar 1987, jikar waccan doka ce. Ɗan wuta ya tafi tare da kwal, sai dai magajinsa bai huta ba: yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006 ta ba shi haƙƙin magani da hutu da komawa gida, amma a 2020, lokacin korona, ma'aikata kusan 400,000 suka maƙale a jirage bayan wa'adinsu ya cika, ba tashar da ta yarda su sauka. A Afrilun 2023, da yaƙi ya ɓarke a Sudan, jiragen ruwa suka sake kwasar mutane daga Fot Sudan zuwa Jidda, kan hanyar nan dai ta kakanni. Kafin shekarar ta ƙare kwalara ta tashi a Gadarif, yankin da 'yan uwanmu suke da yawa, ta sake dawowa a 2024.

Shekara ɗari aka yi ana kashe kuɗi a kan katanga da ƙofa, alhali abin da ya raba Landan da Iskandariyya da wannan cuta shi ne ruwa mai tsabta da masai mai kyau. Wannan ya kamata mu riƙa tunawa duk lokacin da aka zauna rabon gudummawar da ake aikawa gida. Gyaran famfon unguwa ɗaya, da nisanta masai daga rijiya, da ajiye ƙullin gishiri da sukari a ɗakin shan magani kafin damina, ba su da kwarjinin ƙofar gari mai fenti, amma su ke hana makoki.

Sai roƙo ɗaya. A Mai Wurno da Gadarif da Makka da Madina, da can gida, akwai sauran tsofaffin da suka tsallaka a jirgin Sawakin ko a sambuk, ko suka ji daga bakin iyayensu. Abin da muka kawo a nan kusan duk daga takardun hukumomi da likitoci da kamfanoni ya fito, su kuwa adadi suka rubuta, ba sunaye ba. Wanda yake da irin wannan dattijo a gida, ya zauna da shi ya naɗi muryarsa a waya: daga ina suka tashi, shekara nawa suka yi a hanya, kwana nawa aka tsare su, wa aka binne a bakin teku. A aiko wa wannan mujalla mu adana. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba ƙasar Sudan zaman lafiya.